Sunaye Goma Kafin Sha Biyu

Kwali ɗaya mai ɗauke da kwalaben allura arba'in, duk an juye abin da ke cikinsu. Safar hannu fakiti guda. Jan salatif naɗi biyu. Tocila. Kaya kala biyu, cajar waya, da maganin ciwon kai. Abin da Sista ta ɗauko ke nan, kuma kwalin ne kaɗai ta ƙi yarda direba ya sa a but ɗin mota. A kan cinya ta riƙe shi tun da motar asibitin ta tashi, duk ramin da suka faɗa sai kwalaben su amsa.

"Kayan nan naki sun ishe ni," in ji shugabar sashen yara, wadda kowa a asibitin ke kira Mama. Ita ce a gefen taga, ta cinye kujera ɗaya da rabi. "Awa biyu ke nan kamar ina zaune kusa da mai tallan kofuna."

"Mun kusa, Mama."

"Mun kusa ɗin ne ya sa zan tuna miki. Ranar Litinin zan fitar da jadawalin aikin watan gobe. Ko dai in sa sunanki, ko in ba wata gurbinki. Wata goma sha shida ina riƙe da shi, har ofis sun fara tambayata ko gadonsa na ci."

Sista ta ƙara matse kwalin.

Wata goma sha shida da suka wuce, da rana tsaka, wuta ta ɗauke a sashen yara. Ɗakin ajiye magani ba shi da taga. Sista ta shiga da safar hannu, ta ja aljihun tebur, ta laluba don ta ɗauko kwalbar ruwan da ake wanke robar jijiya da shi. Ba ita ta ɗauko ba. A aljihu ɗaya ake zuba ta da wata kwalba mai girmanta, mai irin rubutunta, wadda maganin cikinta ba a kai shi jijiya sai an sirka shi da ruwa mai yawa. Yarinyar da ta yi wa allurar shekararta huɗu, kuma washegari za a sallame ta. Ba ta ƙara minti goma a duniya ba.

Kwamitin bincike ya ce laifin tsarin ajiya ne. Iyayen suka ce kwana ne ya ƙare. Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya zage ta, kuma ba wanda ya sake tayar da maganar. Aka mayar da ita ɗakin ajiye fayil, wai ta ɗan huta. Mijinta, malamin lissafi, ya saurare ta sau da yawa, amma shi bai taɓa riƙe sirinji ba, iyakarsa ya ce ta yi haƙuri. Sai ta ɗora wa kanta sharaɗi: ba za ta sake taɓa hannun yaro ba sai ta tsaya a gaban mutanen da suka san aikin, ta faɗi abin da ta yi da bakinta, su ji, su dube ta. Shi ya sa da ta ji cewa a babban taron ma'aikatan jinya na bana an ware yamma guda don mahalarta su jagoranci zama da kansu, ta fara tara kwalabe.

Sun isa otal ɗin da ake taron takwas da rabi. A zauren shiga wani ya ƙwala kira, "Sista!", mata kusan talatin suka waiwaya.

Allon da ake manna katunan zama yana jikin bango kusa da teburin rajista, wani mai furfura da katin shaida a wuya yana tsaronsa. Ya yi wa Sista bayani ba tare da ya dube ta ba, da muryar wanda ya faɗi abu ɗaya sau hamsin. A rubuta taken zama a kati. Duk mai son zuwa ya rubuta sunansa da na asibitinsa a ƙasa. Katin da ya samu suna goma kafin sha biyu, a ba shi ɗaki ƙarfe biyu. Wanda bai samu ba, a cire shi. Bayan zama, kowa zai karɓi takardar shaida mai ɗauke da taken zaman, ya kai a sa masa a fayil don sabunta lasisi.

Ta karɓi kati ta rubuta: *Allurar da na yi kuskure: yadda ya faru da yadda za a hana.* Ta sa sunan asibitinsu a ƙasa. Mai allon ya karanta, ya ɗago ya dube ta a karon farko, ya manna katin.

A hagu da nata akwai na wani mai baƙar kwat: yadda ake samun aiki a ƙasar waje. Kafin tara da rabi an ƙara masa takarda ta biyu. A dama akwai na rubuta takardar neman ƙarin girma, shi ma layi ake yi. Sista ta tsaya daga gefe tana kallo. Babu katin da aka daɗe a gabansa kamar nata. Mutum zai zo da biro a hannu, ya karanta, ya sake karantawa, ya waiga hagu da dama, sannan ya matsa ya sa sunansa a na mai kwat.

Hannu ya sauka a kafaɗarta. Mama ce.

"Me kika rubuta haka?"

"Abin da zan faɗa, Mama."

"Da sunan asibitinmu a ƙasa?" Ta rage murya. "Kin ce mini zaman kan ajiyar magani ne."

"Shi ne."

"Ni dai ba zan sa hannu a nan ba. Ba don ba na son ki ba. Shugabannina ma suna cikin taron nan, kuma suna karatu." Ta gyara mayafinta ta shige babban zaure.

Da aka fito hutun shayi ƙarfe goma, Sista ta zaro kwalabe biyu ta shiga cikin mutane. Ba ta iya talla ba. Takan tsaya a gaban mutum har sai ya gaji ya dube ta, sannan ta buɗe tafin hannu.

"Wacce ce ta ruwa? Ka ɗauka da sauri, kada ka karanta."

Wani ƙato mai kofi a hannu ya ɗauka, ya juya kwalbar, ya ga ba ita ba ce. Ya yi dariya.

"Ke kika ruɗe ni."

"Ban ce komai ba. Ina da zama ƙarfe biyu a kan wannan. Katin yana allo."

"To, to. Bari in ƙarasa shayina."

Ya ƙarasa shayinsa a can wani lungu. Ta bi mutum goma sha biyar. Wasu suka yaba, wata ta ce Allah ya ba da lada kamar an miƙo mata ƙoƙon bara, wani ya tambaye ta ko kamfanin magani take wa aiki, da akwai jaka ko riga da ake rabawa.

A banɗakin mata tana wanke hannu wata ta tsaya a famfon kusa da ita. Madubi take kallo, ba Sista ba.

"Ke ce mai katin nan?"

"Ni ce."

"Wane ɗaki aka ba ki?"

"Ba a ba ni ba tukuna. Sai an samu suna goma."

Matar ta daɗe tana murza hannun da babu sabulu. "Shugabata tana nan," ta ce. "Amma zan leƙo allon in ga lambar ɗakin." Ta fita hannunta na ɗiga.

A baranda kuma wani tsoho ya tare ta, siriri, takalminsa sun sha goge. Ya ce a ɗakin tiyata yake aiki, saura masa shekara guda ya ajiye aiki.

"'Yata, na karanta abin da kika rubuta. Ni ma ina da nawa. Shekara ashirin da biyu ke nan, ko matata ba ta sani ba."

"Baba, ka sa mini suna mana. Ko ɗaya ba ni da shi."

"Zuwa dai zan zo. Suna ne ba zan rubuta ba. Ki duba, takardar nan fayil za ta shiga. Wanda zai buɗe fayil ɗina ranar sallama, kalmar farko da zai gani ita ce kuskure." Ya girgiza kai. "Zan zauna a baya. Ki ajiye mini kujera kusa da ƙofa."

Kafin a koma zaure, mutum uku suka ƙara yi mata irin wannan raɗa. Ta je wurin mai allo.

"Malam, ina da mutum biyar da suka ce za su zo. Suna ne ba sa son rubutawa."

"Ni tawada nake ƙirgawa, Sista, ba alkawari ba. Ɗakuna shida gare ni, katuna goma sha ɗaya."

Sha ɗaya da kwata ta sake duba katin. A layin farko wani ya rubuta suna, sannan ya soke shi da ƙarfi har takardar ta huje. A layi na biyu akwai suna guda, da manyan baƙaƙe masu cin layi biyu. Ta san rubutun tun kafin ta ji muryar.

"'Yar shiru! Ashe kina raye?"

Ƙawarta ce ta makarantar koyon jinya, wadda tun a aji ɗaya ake kira Rediyo. Ta rungume ta, ta sake ta, ta ƙare mata kallo.

"Kin rame. Fayil kike ci a can? Na sa miki suna, ni ba na tsoron kowa, fayil ɗina ya riga ya fi na ɗan kurkuku kauri. Amma ke ma dai! Wa ya koya miki talla? Kin taɓa ganin mai shago ya rubuta a ƙofa cewa kayansa sun taɓa kashe mutum?"

"Gaskiyar ke nan."

"Gaskiyar ki faɗe ta a ciki, bayan sun zauna an rufe ƙofa. Ba a allo ba. Ke dai ɗaki kike nema, ko ba haka ba? In babu ɗaki, wa za ki faɗa wa, ni da kwalabenki?"

Wayar Sista ta yi ƙara. Mijinta ne.

"Yaya, an cika? Ko in turo miki 'yan aji uku? Su ko me aka ce su rubuta suna rubutawa."

"Mutum ɗaya."

Tana jin hayaniyar ɗalibai a bayansa. "To, ki dai ci abinci," ya ce.

Ta kashe wayar. Agogon bango ya nuna sha biyu saura ashirin da biyar. Rediyo ta riga ta karɓo sabon kati, ta cire murfin biro da haƙori tana jira.

"Rubuta," in ji Sista.

Rediyo ta rubuta: *Sabbin dabarun adana magunguna masu haɗari a sashen jinya.* Ta ja layi biyu a ƙarƙashin *sabbin*. Mai allon ya ɓare tsohon katin, ya ninke shi huɗu, ya jefa a kwandon shara, ya manna sabon can ƙasa inda akwai fili. Rediyo ta tsaya a bakin babban zaure tana tare masu fitowa.

"Kai mai gilashi, zo nan. Zaman ƙasar waje ya cika, a tsaye za ka yi awa guda. Nan akwai kujera, akwai sanyi, ga take mai kyau a fayil. Hajiya, biro na nan."

Sha biyu saura biyar, suna ashirin da uku. Ɗaki na huɗu.

Ɗakin ƙarami ne, kujerun roba, labule mai kauri, na'urar sanyi tana ɗiga a cikin bokiti. Sista ta ajiye kujera ɗaya kusa da ƙofa ta ɗora jakarta a kai. Mutane suka shigo da nauyin abincin rana a jiki. Uku suka nufi wurin cajin waya kai tsaye. Ta tsaya tana duba fuskoki har biyu da minti goma. Babu tsohon. Babu matar banɗaki. Babu ko ɗaya daga cikin masu raɗa.

"Malama, a fara mana," in ji wani daga baya.

Ta fara. Ta sa aka ja labule, aka kashe fitila. Ta juye kwalaben a aljihun teburin da ke gaba, ashirin na ruwa, ashirin na ɗaya maganin. Kowa zai sa safar hannu, ya zo, ya ɗauko ta ruwa kafin ta ƙirga uku, sannan ta haska masa tocila ya ga abin da ya ɗauko.

Na farko ya dace. Ta biyu ta dace. Na uku, mai gilashin, ya ɗago kwalbarsa a cikin hasken tocila, ɗakin ya fashe da dariya.

"Malam, ka kashe majinyaci!"

"A kira 'yan uwansa!"

"Ni hannuna ne ya yi gumi. A sake!"

Barci ya washe daga idon kowa. Aka fara ƙirga wa mutum da baki ɗaya, ana buga kujera, masu caji ma suka baro wayoyinsu. Rediyo ta ɗauko ba daidai ba, ta ce ai ita dama bokanta ya hana ta aiki a duhu. Cikin ashirin da uku, tara suka kuskure. Sista tana riƙe da tocilar, tana haska hannu bayan hannu, kuma duk sanda aka yi ihu sai ta ji kamar a cikin haƙoranta ake yi.

Aka kunna fitila. Ta nuna musu yadda ake naɗa jan salatif a wuyan kwalbar, yadda yatsa zai ji shi ko ido bai gani ba. Ta ce a raba musu wurin ajiya, a sa wa ɗaya makulli. Wasu suka rubuta. Wata ta ɗauki hoto.

Saura minti goma sha biyar. Rediyo ta ɗaga mata gira daga layin gaba.

"Wannan abin," in ji Sista, "ya taɓa faruwa."

Dariyar ta lafa. Ta dubi kujerar da ke kusa da ƙofa. Jakarta ce kawai a kai.

"A ina?" wata ta tambaya.

Ta buɗe baki. Ta shirya maganar wata goma sha shida, a ɗakin fayil, a mota, a gaban madubi. Kalmar farko gajera ce: ni. Fuskoki ashirin da uku suna kallonta, da sauran murmushin wasa a bakinsu.

"A wani asibiti," ta ce. "Wata ma'aikaciya ce. Wuta ta ɗauke. Yarinyar ta rasu."

Aka yi salati ƙasa-ƙasa.

"Ai irin waɗannan lasisinsu ya kamata a karɓe," in ji mai gilashin. "Wasa daban, aiki daban. Mutum ba zai fito haske ya karanta ba? Sakaci ne kawai."

"Wallahi kuwa," wata ta amsa. "Su suke ɓata mana suna."

Rediyo ta juya za ta yi magana, Sista ta girgiza mata kai. Wani ya duba agogo ya ce a taimaka a ba su takardunsu, akwai masu tafiya mai nisa. Ta zauna ta sa hannu a takarda ashirin da uku. Da yawa sun gode mata. Mai gilashin ya ce zamanta ya fi kowanne daɗi, a shekara mai zuwa ta zo da kyauta ga wanda ya ci.

Rediyo ce ta ƙarshe. Ba ta ce komai ba, abin da Sista ba ta taɓa gani ba tun suna aji ɗaya. Ta matse mata hannu ta fita.

Tana mayar da kwalaben cikin kwali ta hango tsohon yana wucewa a baranda da jakarsa a kafaɗa. Ta fito da sauri.

"Baba!"

Ya tsaya. "'Yata, ashe ba ki tafi ba. Sannu. Na dawo sha biyu da kwata ban ga katinki ba. Na tambayi mai allon, ya nuna mini kwandon shara."

"Ni ce a nan, Baba. Take kawai na canza."

Ya dubi takardar da aka manna a ƙofar, ya karanta a hankali, leɓensa na motsi.

"Ayya," ya ce. "Na ga wannan. Ban san naki ba ne." Ya gyara jakar. "Mu biyar muka tsaya a gaban allon muna neman sa. Ba wanda ya ce wa wani komai, amma mun gane juna. Da muka ga babu, kowa ya kama gabansa."

"Su waye sauran? Ko zan same su."

"Ban tambayi sunansu ba. Ai kin san dalili." Ya leƙa ɗakin, ya ga kujerun a hargitse. "An cika, ma sha Allah. Kin faɗa musu?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai kamar likitan da ya ga sakamakon da dama ya zata. Daga waje aka danna hon sau biyu. Ya ce motarsu ce, ya yi mata addu'ar sauka lafiya, ya tafi.

Ta koma ciki. Ta tattara safar hannun da aka watsar a ƙasa, ta jera kujerun duk da ba aikinta ba ne. Tana cikin haka Mama ta shigo, fuskarta a sake, takalmanta a hannu saboda ƙafafunta sun kumbura.

"Ashirin da uku! Na je na ƙirga da kaina. Har shugabanmu ya tambaye ni wace ce, na ce tawa ce, ni na rene ta." Ta zube a kujera tana fifita da takardar shirin taron. "Kin ga da kika bar waccan maganar, ba ga shi komai ya tafi lafiya ba? Yanzu an wuce wurin. Litinin zan sa ki aikin safe, ki fara da sauƙi, ke da wata babba."

Mutane suna ta wucewa a baranda, ana dariya, ana musayar lambar waya. Sista ta je ta tura ƙofar har ta ji ta kama.

"Mama, ki ba wata gurbin," ta ce. "Ba zan koma ɗakin yara ba."